'Yan Tayin da Suka Makara da Kwana Ɗaya: Nazarin Lamarin Wata Malama a Abuja

Asalin matsalar, 2012 zuwa 2021

Matar da wannan nazari ya shafa malamar makarantar sakandare ce mazauniyar Kubwa. An haife ta a 1986, ta yi aure a 2012, mijinta kuma ɗan kasuwa ne mai shagon yadi a kasuwar Wuse. Da yardarsu na duba takardun asibitinsu, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunansu ko sunayen wuraren da aka yi musu aiki ba.

A 2014 ta samu ciki, amma cikin ya zauna a bututun da ke kai ƙwai mahaifa ta ɓangaren dama, bai ƙarasa mahaifar ba. A mako na bakwai bututun ya fashe, aka yi mata tiyatar gaggawa aka cire shi. Daga nan sai shiru. Shekarun da suka biyo baya sun tafi a kan abin da kusan kowane gida mai irin wannan damuwa ya sani: rubutu, sassaƙe, jiƙe-jiƙen da 'yan uwa ke aikowa daga gida, da ƙwayar tayar da ƙwai da ta sha tsawon wata shida a 2017 ba tare da an fara duba ko bututun da ya rage a buɗe yake ba. Sai a 2019 aka yi mata hoton da ake zuba ruwan rini cikin mahaifa, ya nuna cewa bututun hagu ma a toshe yake. Gwajin maigidan ya fito da ƙwayoyin maniyyi miliyan 38 a kowace mililita, alhali ma'aunin ƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 miliyan 16 ne. Ke nan ƙwai na nan, maniyyi na nan, hanyar haɗuwarsu ce babu.

Irin wannan matsala ce ta sa aka ƙirƙiro dashen ciki, wanda aka fi sani da IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa, tun haihuwar jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. A Abuja ma aikin ba baƙo ba ne, domin tun a watan Fabrairun 1998 aka haifi yarinya ta wannan hanya a asibitin Nisa Premier ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. Duk da haka ma'auratan sun yi shekara biyu suna jinkiri. Dalili na farko kuɗi ne, na biyu kuwa shakka a kan halaccin abin. Malamin da suka tuntuɓa ya faɗa musu matsayar da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ɗauka a zamanta na Amman a 1986, cewa ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma a mahaifarta za a mayar. A ƙarshen 2021 maigidan ya sayar da wani fili da yake da shi a Kuje.

Zagaye na farko, Maris 2022

Tana da shekara 35 lokacin da aka fara. Ta yi kwana 11 tana allurar da ke sa ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, sannan ranar Litinin 14 ga Maris aka ɗebi ƙwai 11. Tara daga ciki sun nuna, bakwai suka karɓi maniyyi.

A nan ya kamata a tsaya a fayyace yadda ake lissafi a ɗakin renon 'yan tayi, domin duk abin da ya biyo baya a kan wannan lissafi ya rataya. Ranar da aka ɗebi ƙwai ba a ƙirga ta. Washegari, wato rana ta ɗaya, ake duba waɗanda suka haɗu. A rana ta biyu ana sa ran ɗan tayi ya rabu gida huɗu, wato ƙwayoyin halitta huɗu, a rana ta uku ya kai kamar gida takwas. A rana ta huɗu waɗannan gidaje sukan manne su dunƙule har a kasa ƙirga su, matakin da ake kira morula. A rana ta biyar sai ruwa ya taru a tsakiyar dunƙulen ya buɗe shi, ƙwayoyin su kasu biyu: wani ƙulli a ciki wanda shi zai zama jariri, da wani zagaye a waje wanda zai zama mabiyiya. Wannan shi ne bilastosis, kuma a wannan mataki ne ɗan tayi yake shirin kama bangon mahaifa. Wajen rana ta uku ne kuma ɗan tayi yake daina dogaro da guzurin da ya taho da shi daga ƙwan uwa ya fara aiki da nasa gadon halittar, shi ya sa da yawa suke tsayawa cak a daidai wannan gaɓa.

'Yan tayin malamar sun fara ja da baya tun rana ta uku. Ɗaya ne kawai ya kai gida bakwai, sauran suna tsakanin huɗu da shida. Ranar Asabar 19 ga Maris, rana ta biyar, babu ko ɗaya da ya zama bilastosis. Biyu sun dunƙule sun zama morula, wato suna matakin da ya kamata a ce sun kai tun jiya. Asibitin ya mayar mata da waɗannan biyun a ranar, sauran kuma aka rubuta cewa ba su cancanci a daskarar da su ba. Takardar ba ta nuna an ci gaba da renon su bayan wannan rana ba, haka kuma babu inda aka auna mata furojestaron, sinadarin jiki mai shirya mahaifa don karɓar ciki, kafin ɗibar ƙwai.

Ranar 30 ga Maris, kwanaki kaɗan kafin azumi, gwajin jini ya nuna babu ciki. Bayanin da aka yi musu gajere ne: ƙwanta ba su da ƙarfi. Aka kuma ba su shawarar su yi tunanin karɓar ƙwan wata mace, abin da suka ƙi nan take saboda ya saɓa wa sharaɗin da malami ya gindaya musu.

Wata bakwai na zullumi

Kalmar nan ta "ba su da ƙarfi" ta yi ɓarna fiye da yadda mai faɗinta ya zata. Ta fita daga ɗakin likita ta isa gidan surukai, inda ta koma cewa malamar ba za ta taɓa haihuwa ba, aka kuma taso da maganar ƙarin aure. Ita kanta ta karɓi hukuncin, ta shiga sayen magungunan ƙarin kuzari masu tsada da ake tallatawa a Facebook da sunan gyara ƙwai, ba tare da wani awo ya nuna tana buƙatarsu ba. Maigidan kuwa zarginsa ya tafi wani wuri dabam. A makon da aka ɗebi ƙwan ne babban layin wutar lantarki na ƙasa ya faɗi sau biyu, kuma ya ji cewa akwatin renon 'yan tayi dole ne ya tsaya a ma'aunin zafi digiri 37 dare da rana. Ya tambaya, aka ce masa janareta da batura ba su taɓa yankewa ba, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Sake bincike, Oktoba 2022

Wata abokiyar aikinta ce ta kai su wata cibiya ta biyu a cikin birni. Likitar da ta karɓe su ba ta yi saurin cewa a sake ba. Ta fara da kawar da abubuwan da kan hana ciki kamawa ko da ɗan tayin lafiyayye ne. An leƙa cikin mahaifa da na'ura, babu tsiro kuma babu tabo. An duba ko ruwa ya taru a toshasshen bututun, domin irin wannan ruwa idan yana malalowa cikin mahaifa yakan rage damar kamawa sosai, aka tarar babu. Gwajin sinadarin da ke fitowa daga maƙoshi da na sukari sun fito daidai. Awon AMH, wanda ke nuna yawan ƙwan da ya rage wa mace, ya ba da 1.8, adadin da bai yi ƙasa ba ga mai shekarunta.

Sannan ta ɗauki takardar zagayen farko ta yi musu bayanin da malamar ta ce shi ne karo na farko da wani ya yi mata magana kamar mai hankali. Ta ce: "Malama, mahaifa ba kullum ƙofarta take a buɗe ba. Kwanaki kaɗan ne a wata take karɓar baƙo, kuma furojestaron ne ke buɗe ƙofar, shi ne kuma ke rufe ta. Allurar da muke yi miki don ƙwai su yi yawa takan sa shimfiɗar mahaifa ta riga lokacinta nuna. To ke ga shimfiɗa ta yi gaba, ga 'yan tayi sun yi baya. Mai yiwuwa ne lokacin da suka shirya kamawa, an riga an rufe." Maigidan ya ce: "Likita, ke nan ba lalatattu ba ne?" Ta amsa cewa ba za ta iya rantsuwa a kan hakan ba, domin 'yan tayi masu jinkiri sun fi masu sauri yawan samun tangarɗar kuromosom, wato ƙunshin gadon halitta da ke cikin kowace ƙwaya, kuma yawan wannan tangarɗa na ƙaruwa ne da shekarun mace, musamman daga 35 zuwa sama. Abin da za ta iya yi shi ne ta raba matsalolin biyu, ta cire saɓanin lokaci daga lissafi, a ga abin da zai rage.

Shirin da aka tsara yana da ƙafa uku. Za a auna furojestaron ranar allurar ƙarshe, wadda ke ƙarasa nunar ƙwai kafin a ɗebe su. Za a ci gaba da renon kowane ɗan tayi da bai tsaya ba har rana ta bakwai. Kuma idan jinkirin ya maimaitu, ba za a mayar da komai a wannan wata ba, za a daskarar da duk wanda ya kai bilastosis a jira wani watan da jikinta ya huce daga allurai.

Zagaye na biyu, Fabrairu 2023

Wannan zagaye ya faɗo a tsakiyar ƙarancin takardun naira da aka yi lokacin canjin kuɗi, ga kuma layin mai. Sau biyar cikin kwana goma sai ta taso daga Kubwa da asuba don a yi mata hoton ƙwai, wani lokaci da kuɗin motar da maƙwabciya ta ranta mata. Na kawo wannan ne domin allurar ƙarshe ba ta karɓar uzuri: ana yin ta kimanin awa 36 kafin ɗibar ƙwai, idan aka saɓa sosai ana iya rasa ƙwan gaba ɗaya. An yi mata ita daren Asabar 4 ga Fabrairu da ƙarfe tara. Awon furojestaron na ranar ya ba da 1.9, sama da 1.5 da cibiyoyi da yawa suke ɗauka a matsayin alamar cewa shimfiɗar mahaifa ta fara yin gaba.

Ranar Litinin 6 ga Fabrairu aka ɗebi ƙwai 13. Goma sun nuna, takwas suka haɗu. A rana ta uku biyu suna gida bakwai, uku suna gida shida, uku kuma ba su wuce huɗu ba. A rana ta biyar, Asabar 11 ga wata, labarin bara ya dawo: babu cikakken bilastosis, sai ɗaya da ruwa ya fara taruwa a cikinsa, da morula uku. Sauran huɗun sun tsaya.

Malamar ta ce wannan wayar ta fi kowace nauyi, domin ta ji kalmomin da ta ji a wancan karon. Ta roƙi a mayar mata da su hakanan, ko ba komai ta san suna jikinta. Ma'aikaciyar ɗakin reno ta ce mata: "Yaya, ki ba su daren nan. Jiya da yamma na duba su, yau da safe na sake dubawa, ba inda na bar su na same su ba. Wanda ke motsi bai mutu ba." Wannan bambanci tsakanin ɗan tayin da ya tsaya da wanda ke tafiya a hankali ba ya ganuwa a duba ɗaya, sai an kwatanta na jiya da na yau.

Ranar Lahadi, rana ta shida, biyu suka buɗe suka zama cikakkun bilastosis. An ba su maki bisa ma'aunin Gardner, wanda aka fara amfani da shi tun 1999: lamba daga 1 zuwa 6 tana nuna yadda ɗan tayin ya buɗe, harafin farko yana nuna kyan ƙullin da zai zama jariri, na biyu kuma kyan zagayen da zai zama mabiyiya, A ce mafi kyau, C ce ta ƙasa. Na farko ya samu 4BB, na biyu 3BC. Ranar Litinin, rana ta bakwai, na uku ya iso da 4BC, na huɗun kuma ya tsaya. Aka daskarar da ukun ta hanyar daskarewar gaggawa, wadda ke sanyaya ɗan tayi cikin ƙiftawar ido yadda ƙanƙara ba za ta samu damar fasa ƙwayoyinsa ba, aka ajiye su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A ɗakunan da suka ƙware, fiye da tara cikin goma na bilastosis sukan farfaɗo bayan an narkar da su. An yi musu tayin gwajin kuromosom kafin daskarewa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinsu.

Mayarwa ta farko, Mayu 2023

An bari azumi da sallah suka wuce. Daga nan aka shirya mahaifa da ƙwayoyin istirojin, sinadarin da ke kaurara shimfiɗar mahaifa, har kaurin shimfiɗarta ya kai milimita 9, sannan aka fara furojestaron. A nan ne amfanin daskarewa yake fitowa fili. Likita ce ke riƙe da agogon mahaifa, kuma bilastosis na rana ta shida ana mayar da shi ne bayan cikakkun kwana biyar na furojestaron, daidai da na rana ta biyar, domin abin lura shi ne matakin da ya kai, ba kwanakin da ya ɗauka kafin ya kai ba. Kwana ɗayan da ya makara ya ɓace a cikin tukunyar sanyi.

Ranar Laraba 10 ga Mayu aka narkar da mai maki 4BB aka mayar, shi kaɗai. Maigidan ya so a sa biyu, likita ta ƙi, tana mai cewa cikin tagwaye ya fi jawo haihuwar bakwaini da hawan jini, kuma haɗa su ba ya ƙara wa kowannensu lafiya. Ranar 20 ga Mayu awon sinadarin ciki ya ba da 41. Bayan kwana biyu ya sauko zuwa 19, sannan jini ya zo. Ɗan tayin ya fara kamawa, bai ɗore ba. Mafi yawan irin wannan ɓarin na farko-farko tangarɗar kuromosom ce ke jawo shi, amma tun da ba a yi gwaji ba, likitar ta rubuta shi a matsayin zato.

Mayarwa ta biyu da sakamakonta, Agusta 2023 zuwa Afrilu 2024

Malamar ta nemi hutun wata biyu, aka ba ta. Ba a canza komai a tsarin magani ba. Ranar Laraba 16 ga Agusta, shimfiɗa na milimita 9.4, aka mayar da mai maki 3BC, wanda a takarda ya fi na farko rauni. Ranar 26 ga Agusta awo ya ba da 214, ranar 28 ya ba da 470. Ranar 15 ga Satumba, cikin na mako bakwai, hoto ya nuna ɗa guda a cikin mahaifa da bugun zuciya.

Renon cikin ya tafi lafiya har mako na 35, inda jininta ya fara hawa aka sa ta a kan magani da awo sau biyu a mako. Ranar Litinin 22 ga Afrilu, 2024, cikin na mako 38 da kwana uku, aka yi mata tiyata aka ciro 'ya mace mai nauyin kilo 3.1. Ɗan tayin rana ta bakwai yana nan a daskare, suna biyan kuɗin ajiyarsa duk shekara.

Abin da lamarin ya nuna

Jinkirin ya bayyana sau biyu, a ɗakunan reno biyu mabambanta, a hannun ma'aikata dabam-dabam. Wannan ya raunana zargin da maigidan ya yi wa wutar lantarki, ya kuma nuna cewa tafiyar hawainiyar daga 'yan tayin nata take. Abin da ya bambanta zagayen biyu shi ne yadda aka ɗauki jinkirin. A na farko an ɗauki rana ta biyar a matsayin ranar yanke hukunci, aka mayar da morula cikin mahaifar da wataƙila ta riga ta yi gaba, aka kuma daina renon sauran. Da an bi wannan ƙa'ida a zagaye na biyu, da ɗan tayin da ya zama wannan yarinya an mayar da shi yana morula a watan da furojestaron ya kai 1.9, ko kuma an ajiye shi gefe a matsayin wanda bai cancanta ba. A ganina kuskuren cibiyar farko mafi girma ba mayar da morula ba ne, domin akan samu ciki da su, sai dai damar ta fi ƙanƙanta. Kuskuren shi ne rashin ba sauran 'yan tayin kwana ɗaya ko biyu, da kuma fassara jinkiri da rashin ƙarfi a gaban mutanen da za su ɗauki kalmar su kai ta gida.

Surukarta, wadda a da take kan gaba a maganar ƙarin aure, ta ce ranar suna ai sannu ba ta hana zuwa. A ɗakin reno karin maganar rabinta ne gaskiya. Cikin 'yan tayi takwas na zagaye na biyu, biyar sun tsaya ba su iso ba, kuma cikin biyun da aka mayar ɗaya ya zube. Abin da bincike ya daɗe yana nunawa shi ne bilastosis na rana ta shida yana baya ƙwarai da na rana ta biyar idan aka mayar da shi a watan ɗibar ƙwai, tazarar kuma tana raguwa idan aka daskarar aka mayar daga baya, ko da yake a nazarce-nazarce da dama na rana ta biyar yana ci gaba da ɗan rinjaye. Na rana ta bakwai damarsa ta fi ta duka biyun ƙasa, amma an haifi lafiyayyun yara da shi, shi ya sa wanda ya rage musu ya cancanci kuɗin ajiyar da suke biya, musamman ga matar da aka haifa a 1986 kuma samun sabon ƙwai zai fi mata wuya.

Akwai kuma abin da wannan lamari ba zai iya tabbatarwa ba. Mace ɗaya ce, kuma ba a gwada kuromosom na ko ɗaya daga cikin 'yan tayinta ba, saboda haka ba za a iya cewa morula biyun na 2022 da sun rayu da an daskarar da su ba. Makin 4BB da 3BC ma hoton waje ne kawai, yana nuna wanda za a fara gwadawa, ba ya nuna abin da ke cikin gadon halittarsa, kuma a nan mai ƙaramin makin ne ya kai ga haihuwa. Haka nan daskarewa tana da nata nauyin: ƙarin kuɗi, ƙarin watannin jira, da buƙatar ɗakin da ruwan naitirojin ba ya yanke masa. An kuma lura cewa hawan jinin masu ciki ya fi yawa a cikin da aka shirya mahaifarsa da magunguna zalla, kamar yadda aka yi mata, abin da ya sa likitar ta rubuta a fayil ɗinta cewa idan sun dawo don ɗan tayin rana ta bakwai, za a gwada mayar da shi a kan al'adarta ta asali, tun da tana zuwa mata a kan lokaci.